Wa ya ce ginin ƙasa talauci ne?

Jama'a, ku leƙa ajin lakwal na siminti da kwano a Kalfu ko Tawa cikin watan Afirilu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40. Tanda ce! Yara na zufa, malam na fifita da littafi, wai shi ne ci gaba.

Alhali a nan jihar Tawa, masallacin Yama da Falke Barmu ya gina da laka ya ci kyautar Aga Khan a 1986. A Dandaji kuma, a 2018, Mariam Kamara da Yasaman Esmaili sun mai da tsohon masallaci ɗakin karatu, suka gina sabo da tubalin ƙasa da aka matse da inji. Katangar ƙasa mai kauri tana shanye zafin rana, sai dare ta sake shi.

Za a ce ƙasa na son yaɓe bayan damina. To, kuɗin yaɓen aljihun wa yake shiga? Na maginin unguwa, ba na dillalin siminti ba.

Matasa, duk ajin da za a gina a garinku, ku tambayi masu ba da kwangila: me ya hana ƙasa? Kar ku tashi sai an ba ku amsa.