Kafin ka biya kuɗin wanka da giwa

Duk wanda ya sauka Chiang Mai, a arewacin Tailan, ba zai wuni ba a yi masa tallan ziyarar giwaye ba. A ƙofar otal da kasuwar dare takardar kusan iri ɗaya ce: giwa kwance cikin kogi, baƙo yana watsa mata ruwa yana dariya, a ƙasa an rubuta cewa nan gidan ceto ne, ba a hawa. Mutum ya karanta, hankalinsa ya kwanta cewa kuɗinsa taimako za su yi, sai ya zaro ya biya. Tun da namu ma sun fara zuwa hutu waɗannan ƙasashe, ya kamata a faɗa musu cewa hana hawa kaɗai bai wanke gida daga zalunci ba.

Giwayen nan ba daga daji suka taso neman mafaka ba. Yawancinsu ma'aikata ne ko 'ya'yan ma'aikata. Shekaru aru-aru giwa ce ke jan gungumen katako daga duwatsun Tailan, har zuwa 1989, lokacin da gwamnati ta haramta sare dazuzzuka bayan ambaliyar da ta kashe ɗaruruwan mutane a kudancin ƙasar a 1988. Dare ɗaya giwaye da makiyayansu suka rasa aiki, ciki kuwa bai san an kafa doka ba: giwa ɗaya tana cin abin da ya kai kilo 150 na ciyawa da ganye kowace rana, kuma tana iya kaiwa shekara 60 ko fiye. Wasu makiyayan suka riƙa jan su bara a titunan Bangkok, har hukumar birnin ta hana. Sauran suka koma ɗaukar masu yawon buɗe ido. Yau akwai giwaye sama da 3,000 a hannun mutane a ƙasar, kuma wata doka ta 1939 ta lissafa giwar gida cikin dabbobin sufuri tare da doki da jaki da saniya. Wato dukiya ce, ana saye ana sayarwa, ana ba da haya.

Abin da takardar talla ba ta faɗa shi ne yadda dabba mai nauyin tan 3 ta koyi tsayawa shiru baƙo yana shafa ta. Akwai horo da ake kira fajan. Ana raba ɗan giwa da uwarsa yana ƙarami, a ɗaure shi a matsattsen keji ko a jikin turke, a hana shi barci da walwala, ana dukansa da sanda mai ƙugiya, har sai ya daina turjiya. Ba kowane makiyayi ke yin haka ba, akwai masu horo da lallashi da abinci, akwai kuma waɗanda suka tashi tare da giwarsu tun suna yara, suna kwana kusa da ita idan ba ta da lafiya. Amma mai gidan da zai saki baƙi ashirin cikin ruwa da giwa dole ya tabbata tsoro ya riga ya zauna mata, in ba haka ba kasuwarsa ta mutu. Tsoron da hawa ke bukata shi ne wanda wanka ke bukata. Mu da muka taso muna kallon gardawa masu wasa da kura a kasuwa mun san ba ƙauna ce ta sa kura bin mai ita ba, takunkumi ne da sarƙa da kulki, kuma taron da ke jefa kuɗi shi ke sa gobe a sake kamo wata.

Wankan kansa ma ba don giwa ake yi ba. Ita da kanta take shiga ruwa lokacin da ta so, ta fito ta watsa wa bayanta ƙasa da taɓo don rana da ƙwari. A gidajen kasuwa kuwa ayarin safe zai wanke ta, na rana ya sake, na yamma ya maimaita, makiyayi na tsaye a gefe inda kyamara ba ta kamawa. Wani lokaci haƙurin giwa yakan ƙare. A watan Janairun 2025 wata ɗaliba 'yar Sifaniya mai shekara 22 ta rasa ranta a tsibirin Koh Yao Yai tana cikin wanke giwa.

To sai a ƙaurace gaba ɗaya? Nan na rabu da masu wannan ra'ayi. A 2020, da annobar korona ta rufe iyakoki, baƙi suka ɗauke, an ga abin da ƙauracewa ke haifarwa. Gidaje suka kasa ciyarwa, makiyaya suka kora giwayensu a ƙafa, tafiyar kwanaki, zuwa ƙauyukan gundumar Mae Chaem. Giwar da aka haifa a turke ba a iya sakinta daji haka kawai, dajin ma ya ragu. Kuɗin baƙo ne abincinta, kuma shi ne albashin makiyayi, wanda sau da yawa talaka ne daga ƙabilun kan duwatsu ko ɗan ci-rani daga Myanmar. Ɗora masa laifin duka abu ne mai sauƙi, amma bai dace ba, domin abin da muka biya mu gani shi ake sa shi ya nuna.

Saboda haka a je, amma a biya kuɗin kallo daga nesa. Saengduean Chailert, wadda aka fi sani da Lek, ta kafa Elephant Nature Park a kwarin Mae Taeng don tsofaffin giwaye da makafi da waɗanda nakiya ta raunata, kuma ita ma da farko tana barin baƙi su yi wanka da su, daga baya ta soke. A Nairobi, gidan marayun giwaye na ƙungiyar Sheldrick Wildlife Trust, wadda aka kafa a 1977, awa ɗaya tak yake buɗe wa jama'a a rana, ana tsayawa bayan igiya, domin burinsu marayun su girma su koma dajin Tsavo. Wanda ya taɓa shiga Yankari a Bauchi ya san wannan ladabi: kana iya yini a mota ba ka ga giwa ba, in ka gan ta kuwa ba wanda zai ce maka ka sauka.

Addininmu ya ba mu labarin matar da aka azabtar saboda mage da ta kulle, ba ta ciyar ba, ba ta sake ta ba. Ba na jin uzurin cewa wani ne ya ɗaure, ni hoto kawai na ɗauka, zai yi nisa.

Kafin ka biya, tambayi mai gida a ina giwayen ke kwana, kuma tsawon sarƙar nawa ne. Tambaye shi ko ana haihuwa a gidan, in ana yi, ina 'ya'yan suke zuwa bayan an yaye su, domin gidan da ke cike da jarirai kowace shekara kiwo yake yi don kasuwa. Idan ya amsa da cewa za ka iya rungumar ɗan giwa a yi maka hoto, mayar da kuɗinka aljihu ka nemi wani gidan.