Ƙauyukan Gayo na Aceh: gahawa a gona, daji a bisa, hanya ɗaya tak

Ina cikin darasin labarin ƙasa wani ɗalibina ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, ta yaya ambaliya za ta ci mutumin da ke zaune a kan tsauni?" Muna magana ne a kan bala'in da ya afka wa tsibirin Sumatra na ƙasar Indunusiya a ƙarshen watan Nuwamban 2025, lokacin da guguwar Senyar ta zo da ruwa kamar da bakin ƙwarya, aka rasa rayuka sama da 1,000 a lardunan Aceh da Sumatra ta Arewa da Sumatra ta Yamma. Amsar da na ba shi a aji gajeriya ce. Doguwar amsar tana cikin yadda ƙaramin ƙauye yake rayuwa a tsaunukan Aceh.

Mazauna waɗannan tsaunuka su ne 'yan ƙabilar Gayo, Musulmi ne, suna da harshensu dabam da na mutanen bakin teku. Yankinsu ya ƙunshi gundumomi uku: Aceh ta Tsakiya, da Bener Meriah, da Gayo Lues. Babban garinsu Takengon yana bakin tafkin Laut Tawar, inda ake kama wani ɗan mitsitsin kifi mai suna depik wanda babu irinsa a wani wuri. Ƙauyukan kuwa suna warwatse a kan gangare, mafi yawansu sama da mita 1,000 daga doron teku. Sanyi da hazo ba sa rabuwa da su.

Tsarin ƙauyen ba zai zama baƙo ga mai karatu ba. Akwai reje, wato mai gari. Akwai imem, limami ke nan. Akwai petue, dattijo mai lura da tarbiyya da sulhu. Sai kuma wakilan jama'a. Waɗannan huɗu su ake kira sarak opat. Akwai ƙaramin masallaci da suke kira mersah, a nan ake salla, a nan yara ke karatun Alƙur'ani, a nan ake zaman shawara.

Abincin gidan kuwa daga itace ɗaya yake fitowa: gahawa samfurin arabika, wadda aka fara nomawa a can zamanin mulkin mallakar Holan. Yawancin manoman masu ƙananan gonaki ne, kadada ɗaya ko biyu. Suna tsinke 'ya'yan da hannu, su ɓare, su shanya a ƙofar gida, su sayar wa dillali ko ƙungiyar gama kai. Daga nan buhuna su gangara zuwa Medan, a loda su a tashar jiragen ruwa ta Belawan zuwa Amurka da Turai. A 2017 Tarayyar Turai ta yi wa sunan gahawar Gayo rajista, ba mai ikon liƙa shi a kan hajar wani yanki. Kuɗin makaranta da na asibiti da na aure duk daga wannan buhu suke.

To, a nan matsalar take. Arabika tana son sanyi. Da zafi ya ƙaru, ƙwaron da ke huda 'ya'yan gahawa yana samun damar hawa inda a da bai kai ba, amfanin gonakin ƙasa-ƙasa ya ragu. Manomi mai iyali me zai yi? Sai ya duba sama, inda daji yake. Wannan daji wani ɓangare ne na yankin Leuser, mafakar giwaye da damisa da birin orangutan, kuma saiwoyinsa ne ke riƙe da ƙasar gangaren. Idan aka sare shi, ko da gatarin talaka ko da injin kamfani, ranar da ruwa ya yi yawa ƙasar takan sulɓe ta gangaro da itatuwa da duwatsu a kan gidaje. Amsar ɗalibina ke nan: ruwan da ke cin na kan tsauni daga bisansa yake zuwa, haɗe da laka.

Sai kuma maganar hanya. Babbar hanyar da ta haɗa Takengon da garin Bireuen na bakin teku ita ce jijiyar yankin. Da zaftarewar ƙasa ta datse hanyoyi, gadoji suka karye, Aceh ta Tsakiya da Bener Meriah suka yanke daga sauran ƙasar. Shinkafa da man fetur suka yi wuya, mutane suka riƙa takawa da ƙafa tafiya mai nisa don neman abinci. Abin ya kuma faɗo a lokacin girbi. Ga arziki a buhu, amma ba a tuƙa tuwo da gahawa.

Mutanen nan sun sha gwagwarmaya tun kafin yau. A lokacin rikicin 'yan awaren Aceh da ya faro a 1976, ya ƙare da yarjejeniyar Helsinki ta 15 ga Agustan 2005, gonaki da yawa sun zama kufai saboda tsoro. A watan Yulin 2013 girgizar ƙasa ta rushe dubban gidaje a yankin. Duk lokacin da suka faɗi, gahawa ce ke tayar da su. Abin da ke ba ni tsoro yanzu shi ne ita kanta ƙasar da gahawar ke tsaye a kai ce ke zamewa.

Ana cikin haka kuma ga dokar Tarayyar Turai ta 2023 a kan sare dazuzzuka. Dokar ta ce gahawa da koko da manja da roba da katako ba za su shiga kasuwarta ba sai an tabbatar ba a noma su a filin da aka sare bayan 31 ga Disamban 2020 ba, kuma sai an nuna ainihin inda kowace gona take a taswira. An ɗage fara aiki da ita har sau biyu, amma tana nan tafe. Manoman koko a Ghana da Kamaru ma wannan takardar ce ke jiransu, don haka maganar Gayo ba ta yi mana nisa ba.

Manufar dokar tana da kyau, ba na musu. Amma kamfani yana da lauyoyi da na'urori, manomin kadada ɗaya kuwa wani lokacin ko takardar mallakar gonarsa ba shi da ita. Idan mai saye ya ga wahalar tantance ƙananan manoma ta yi yawa, sai ya bar su ya koma wajen manya. Wanda aka rufe wa kasuwa kuma ba ya daina noma. Zai sayar da arha, ya ƙara faɗin gona don cike giɓi, dajin da ake son karewa shi zai biya.

A ganina mafita tana wajen sarak opat. Tun 2015 gwamnatin Indunusiya ke tura wa ƙauyuka kuɗi kai tsaye a ƙarƙashin dokar ƙauyuka ta 2014. Mai gari da limami da dattawa sun san iyakar kowace gona, sun san wanda ya shiga daji jiya. A ba su aikin auna gonaki tare da ƙungiyoyin manoma, masu saye su ɗauki nauyin kuɗin, a kuma taimaka wa manomi ya sabunta tsofaffin itatuwansa da na inuwa domin gonar da yake da ita ta wadatar da shi. Ita ma gwamnati ta nuna da gaske take a kan masu manyan lasisi, don ba a hana yaro ɗiban ruwa da ludayi a bar babba da tulu. Kowane ƙauye kuma ya tanadi rumbun abinci, tun da an ga abin da yankewar hanya ke jawowa.

Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya mayar wa waɗanda suka yi asara da alheri.