Wa Zai Gaji Dattijo? Gardamar Masoya Ƙwallo Kan Mai Horaswa Da Cinikin Ƴan Wasa

 

Kowace shekara, idan ruwa ya sauka a nan wajenmu, can Turai kuma sai ƙwallo ta tafi hutu. Ana rufe gasa cikin watan Mayu, ba a sake buɗewa sai Agusta. Wanda bai san samarinmu ba zai zaci a waɗannan watanni gidaje za su huta da hayaniya. Ina! A sannan ne ake buɗe kasuwar ƴan wasa, wadda masu jin Faransanci ke kira merkato, kuma a sannan ne ƙungiyoyi ke sauya masu horaswa. Je ka kowace fada da maraice, ko gidan kallo, ko zauren da ake dafa shayi, za ka tarar tambayoyi biyu ne ke yawo: wa za a ba ƙungiya ya horas, wa kuma za a saya?

Abin da ya sa muka ɗauko wannan magana shi ne koken wani dattijo maƙwabcinmu. Ya tare mu a ƙofar gida ya ce: “Malam, ku da kuke rubutu, ku ja wa yaran nan kunne.” Ashe ƴaƴansa biyu, uwa ɗaya uba ɗaya, masu goyon bayan ƙungiya ɗaya, sun yi kwana uku ba su ci tuwo a akushi ɗaya ba, saboda ɗaya ya ce a kori mai horaswa, ɗaya ya ce a bar shi. Muka yi dariya, amma dariyar ba ta yi nisa ba, domin mu ma an yi da mu. A shekarar 2013 muna samari, muna da fadarmu, kuma mun tabka irin wannan gardama har muryoyinmu suka dushe. Yanzu da shekaru suka ba mu damar waiwaye, bari mu ba ku labarin abin da muka yi musu a kai, da abin da ya kuɓuce mana.

Ranar 8 ga Mayu 2013 Alex Ferguson ya ba da sanarwar ajiye aikin horas da Manchester United ta ƙasar Ingila, bayan ya shafe sama da shekara 26 a kan kujerar. Ya ɗauki kofin gasar ƙasar sau 13, da kofin zakarun Turai sau biyu, a 1999 da 2008. Ya tafi yana kan ganiyarsa, don a wannan kakar ƙungiyar ta lashe gasa da maki 89, ta ba ta biyu tazarar maki 11. Kashegari aka bayyana magajinsa: David Moyes, ɗan ƙasarsu Sikotilan, wanda ya yi shekara 11 yana horas da Everton. Ferguson da kansa ne ya nuna shi, aka kuma ba shi kwantiragin shekara 6.

Nan take fadarmu ta rabu biyu, kamar yadda magoya baya suka rabu a can Ingila. Kashi na farko suka ce an yi kuskure. Hujjarsu ita ce Moyes bai taɓa ɗaukar babban kofi ba, ga kuma José Mourinho yana shirin barin Real Madrid, mutumin da ya ci kofin zakarun Turai da Porto a 2004 da Inter a 2010. Yaya za a bar goga a ɗauki wanda bai taɓa ja da manya ba? Kashi na biyu, kuma a nan muke, suka ce dattijo ba ya zaɓen banza. Moyes mutum ne mai haƙuri da tattali, wanda ya riƙe Everton da kuɗi kaɗan, Mourinho kuwa ba ya daɗewa wuri ɗaya. Muka ƙara da cewa ai a wasansa na ƙarshe a filin Old Trafford Ferguson ya roƙi magoya baya su tsaya wa sabon mai horaswa, aka kuma rataya ƙyalle a filin ana kiran Moyes zaɓaɓɓe.

Da aka shiga Yuli sai gardama ta koma kan ciniki. Kullum da sabon suna. Yau a ce Cesc Fabregas zai baro Barcelona, gobe a ce Thiago Alcántara ne, jibi a ce Cristiano Ronaldo zai dawo gida, ko Gareth Bale yana hanya. Kowa a fada yana da takardar ƙungiyarsa ta mafarki, ya jera mutum 11 a bayan kwalin shayi. Thiago ya tafi Bayern Munich. Barcelona ta ƙi tayin da aka yi mata kan Fabregas. Bale ya tafi Real Madrid. Cinikin Ander Herrera ya wargaje a ranar ƙarshe. A daren 2 ga Satumba, ana gab da rufe kasuwa, babban ɗan wasa ɗaya kacal aka samo, wato Marouane Fellaini na Everton, a kan fam miliyan 27.5, sama da miliyar 20 na sefa ke nan. Abin takaici, akwai sharaɗi a kwantiraginsa da ya ba da damar a saye shi fam miliyan 23.5 kafin ƙarshen Yuli, aka yi sakaci har wa'adin ya wuce. Jinkirin wata ɗaya ya ci fam miliyan 4.

To, a nan ne abin da ya kuɓuce mana yake. Duk tsawon daminar nan, a fadarmu ba mu ji wanda ya ambaci sunan David Gill ba. Shi ne babban jami'in gudanarwa na ƙungiyar tun 2003, shi ke zama da wakilan ƴan wasa, shi ya san ƙofar da ake ƙwanƙwasawa a Madrid ko Milan. Shi ma a wannan damina ya sauka, Ed Woodward ya gaje shi, mutumin da ya ƙware wajen harkar banki da tallace-tallace, amma sabo ne a cinikin ƴan wasa. Ga sabon mai horaswa, ga sabon mai ciniki. Sannan Moyes ya zo da mataimakansa daga Everton, waɗanda suka yi aiki da Ferguson, irin su Mike Phelan da René Meulensteen da Eric Steele, duk suka tafi. Ƴan wasan kuma shekaru sun fara kama su: Paul Scholes ya yi ritaya, Ryan Giggs yana da 39, Rio Ferdinand 34, Patrice Evra 32. Gidan da aka sauya wa maigida da ma'aji da dattawan zaure cikin wata biyu, ko wa aka kawo sai ya yi tangaɗi. Mu kuwa muna can muna musu kan suna ɗaya.

Sakamakon kowa ya sani. A watan Maris 2014 Liverpool da Manchester City kowace ta zo har Old Trafford ta ci 3 da nema. A ƙarshen watan wasu magoya baya suka yi karo-karo suka ɗauki hayar ƙaramin jirgin sama, ya ratsa saman fili da ƙyallen neman a kori Moyes. Ranar 22 ga Afrilu aka sallame shi, wata 10 cikin kwantiragin shekara 6, ƙungiyar kuma ta ƙare ta 7 da maki 64. Ƴan kashi na farko a fadarmu suka yi ta yi mana shaguɓe, musamman da Mourinho ya ci gasar da Chelsea a 2015.

Sai dai murnarsu ba ta daɗe ba, domin duk abin da suka nema an ba su. Sun nemi mai horaswa mai suna, aka kawo Louis van Gaal, ya ci kofin FA a 2016, bayan kwana biyu aka kore shi. Aka kawo Mourinhon da suke so, ya ci kofuna biyu a 2017, aka kore shi a Disamba 2018. Aka bi da Ole Gunnar Solskjær, da Erik ten Hag, da Ruben Amorim. Sun nemi a saki kuɗi, aka saki. An sayi Ángel Di María fam miliyan 59.7 a 2014, bayan shekara ɗaya ya tafi Faris. An sayi Paul Pogba fam miliyan 89 a 2016, kuɗin da ba a taɓa sayen ɗan wasa da su ba a lokacin, alhali daga wannan ƙungiya ya bar gida a 2012, kuma a 2022 ya sake tafiya ba a karɓi ko dala ba. An sayi Harry Maguire fam miliyan 80 a 2019. Da wannan duka, daga 2013 zuwa 2025 kofin gasa bai dawo ba, a 2025 ma ta 15 suka ƙare. Shi kuwa Moyes da aka yi wa dariya, a 2023 ya ci kofin Turai na Conference League da West Ham. Idan rijiya tana yoyo, sauya guga ba ya ƙara ruwa.

Da ma mun karanta tarihin ƙungiyar da muke so, da mun sassauta murya. Ferguson ɗin nan da muke ɗauka kamar da kofi aka haife shi, ya zo a Nuwamba 1986 daga Aberdeen, ya yi sama da shekara 3 bai ɗaga komai ba. A Satumba 1989 Manchester City ta ci shi 5 da 1, magoya baya suka ɗaga ƙyallen sallama suna cewa ya isa haka. Shugabanni suka daure, ya ci kofin FA a 1990, ya ci gasa a 1993, karo na farko cikin shekara 26. A daminar 1995 kuma ya sayar da Paul Ince da Mark Hughes da Andrei Kanchelskis, bai sayi babban suna ko ɗaya ba. Aka yi ca a kansa, aka doke su 3 da 1 a wasan farko, wani mai sharhi a talabijin ya ce ba a cin komai da yara. Yaran nan su ne David Beckham da Scholes da Nicky Butt da Gary da Phil Neville, kuma a ƙarshen kakar suka haɗa gasa da kofin FA. Da fadar wancan zamani aka bi, da tuni an tone shuka don a duba ko ta tsiro.

Kada a fahimce mu da cewa haƙuri kaɗai ya isa, ko Moyes ba shi da nasa kuskuren. Mai yiwuwa kujerar ta fi ƙarfinsa ko da an bar shi. Mu da muka tashi a gidan malamai mun san nauyin zama a kan buzun da babba ya bari: ko wane irin karatu ka yi, da na marigayi za a auna. Ita kanta ƙungiyar ta taɓa ɗanɗana haka. Bayan Matt Busby ya sauka a 1969 aka yi ta sauya magada, har ta faɗa rukuni na biyu a 1974. Gado irin wannan shiri yake so tun da sauran lokaci. Dubi Liverpool. Jürgen Klopp ya sanar da tafiyarsa tun Janairu 2024, aka fara naɗa wanda zai riƙe harkar ciniki, Richard Hughes, sannan aka ɗauko Arne Slot daga Feyenoord, wanda da yawa daga magoya baya ba su san shi ba. A wannan damina Federico Chiesa kaɗai aka ƙara wa ƴan wasan, magoya baya suka yi ta gunaguni, amma a 2025 suka ɗauki kofin gasa.

Saboda haka, ya ku ƙannenmu da ƴaƴanmu, ba mu ce ku bar gardamar ƙwallo ba. Nishaɗi ce, tana kuma wasa ƙwaƙwalwa idan an yi ta da hujja. Abin da muke roƙo shi ne ku faɗaɗa tambayar. Kafin ku ce a kori wane, ku tambaya wa ke yin ciniki a ƙungiyar, shekara nawa ya yi yana yi, su wa ke tare da mai horaswa, kuma wata nawa aka ba shi. Kafin ku yi tsalle don an sayi wani da miliyoyi, ku duba ko gurbinsa ne babu kowa, ko dai suna kawai aka saya. Ku tuna kuma yawancin sunayen da ake yaɗawa a Yuli jita-jita ce da wakilan ƴan wasa ke hurawa don farashi ya tashi. Mu mun ɓata damina guda muna jiran Fabregas.

Akwai kuma abin da ya fi ƙwallo. Yaron da ya saba yanke wa mutum hukunci bayan wasa uku, da wannan hali zai girma. Gobe shi ne zai ce sabon malamin makaranta bai iya komai ba tun mako na farko, shi ne zai auna amaryar gidansu da wadda ta gabata, shi ne zai juya wa wansa baya ranar da uba ya bar masa ragamar gida. Iyaye, idan kun ji ana musun nan a zaure, kada ku kore su da tsawa. Ku zauna ku ce: “Kai, kawo hujjarka. Kai kuma yi shiru har yayanka ya gama.” Da haka ake koyon saurare.

Mun koma wajen dattijon nan muka zauna da ƴaƴan nasa, muka ba su wannan labari. Ƙaramin bai sauya ra'ayi ba, har yanzu yana nan kan a kori mai horaswa, kuma haƙƙinsa ne. Babban ya ce a bari sai Disamba a gani. Amma da aka kawo tuwo, akushi ɗaya aka ajiye, mahaifinsu kuma ya ce mu zauna mu sa hannu.

Allah ya shirya mana zuriya, ya haɗa kan gidajenmu.