Bulala Ba Ta Mai Da Jaki Doki

Wata ɗabi'a ta shigo mana shagunan wasan kwamfuta daga Mai Wurno zuwa Sinja har Damazin, kuma in ba a tsawata ba za ta cinye jarin yaranmu. Matashi zai sayi katin hoto mafi araha a kasuwa, ya sauke manhajar MSI Afterburner, ya ja maɓallin gudu har ƙarshe, wai ya ƙure wa katin gudu don ya kamo mai tsada. Masu sayar da kayan su ne kan gaba wajen zuga: "Ɗauki wannan kawai, in ka ƙure shi daidai yake da babba." Ƙarya ce. Kuma mai faɗin ta ya san ƙarya ce.

Kada wani dattijo ya ce ai wasa ne, ina ruwanmu. Tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023, Madani ta faɗi a Disamban shekarar, Sinja ta bi a tsakiyar 2024, sana'o'i nawa suka rage wa saurayi? Sojoji sun karɓo Sinja a Nuwamban 2024, Madani a Janairun 2025, mutane suna komawa gida hannu rabbana. Wanda ya haɗa kwamfuta uku ko biyar a rumfa, yara na biya suna buga ƙwallo ko PUBG, abincin gidansu yake nema. Sau da yawa kuɗin ma wani yaya ne da ke Saudiyya ya turo ta Bankak, guminsa na watanni. Irin wannan kuɗi ake caca da shi.

Mu fara da ribar da ake kwaɗayi. A katunan wannan zamani, abin da ƙure gudu ke ƙarawa da wuya ya wuce kashi goma cikin ɗari. Wasan da ke ba ka hoto 40 a daƙiƙa zai koma 44. Ina idon da zai bambance? In kuma katin ya riga ya kai 60, ka duba allon da ke gabanka. Yawancin allunan rumfunanmu sau 60 suke sabunta hoto a daƙiƙa. Duk abin da ya haura haka zafi ne kawai kake dafawa.

Sai kuɗin da za ka biya. Wutar da kati ke sha tana tashi da gudu, amma tana tashi fiye da haka in an ƙara ƙarfin lantarkin da ke shiga ƙwaƙwalwarsa, domin shi ninki yake yi a kan kansa. Ƙari kaɗan a gudu, ƙari mai yawa a wuta da zafi. Mutanen da kuke kallo a YouTube suna wannan gwaji a ɗaki mai na'urar sanyi suke, wutarsu ba ta ƙiftawa. Mu kuwa a Afrilu da Mayu zafin Sinnar kan wuce digiri 40 a inuwa, balle ƙarƙashin rufin kwano da yara goma a ciki. Ga habub ta cusa ƙura cikin fanka. Katunan Nvidia da yawa in sun kai digiri 83 su da kansu suke rage gudu. Wato ka tilasta masa ya ruga, zafi ya tilasta masa ya ja baya, ka tashi babu riba sai ƙarar fanka.

Na san amsar masu ƙurewa, don sun sha bugo waya cikin shirina suna faɗi: kati na zamani yana kare kansa, ba ya ƙonewa don an ja maɓalli. Gaskiya ne, ƙwaƙwalwar takan kare kanta. To wa ke kare akwatin wutar kwamfutar, wanda galibi shi ne mafi arha a cikin kayan? Wa ke kare fankar da ta shekara bakwai tana juyawa? Wa ke kare batirin sola? Wa zai riƙe maka yaron da kwamfuta ta daskare masa ana tsakiyar wasa, ya tashi ya koma rumfar maƙwabci?

Batun wuta shi ne inda masu zuga ke yin shiru. Muna kwana kusa da madatsar Sinnar da aka gama tun 1925, ga ta Rusairis a sama, amma kowa ya san yadda lantarki yake, musamman bayan hare-haren jirage marasa matuƙi a kan tashar Marawi a 2025. Rumfa yanzu sola da batir ke riƙe ta. To mu yi lissafi. RX 580, wanda ya fito a 2017, wat 185 aka rubuta masa. GTX 1650 na 2019 wat 75 ne, yawancinsa ko wayar wuta ta daban ba ya buƙata. Bambanci wat 110. A awa goma na aiki, wat-awa 1,100 ke nan a kwamfuta ɗaya. Batirin ruwa mai amfiya 200 da bolt 12 yana ɗaukar 2,400, kuma rabi kawai ya kamata a sha in ana so ya daɗe. Ashe bambancin kati ɗaya ya kusa lashe batir guda a yini, tun ba a ƙure shi ba. Lallai RX 580 ya fi ƙarfi, kuma yana da gigabait 8 inda ɗayan ke da 4. Sai dai a rumfar sola farashinsa bai ƙare a hannun mai shago ba.

Kuma daga ina waɗannan RX 580 masu arha suke fitowa? A Satumban 2022 Ethereum ta daina amfani da katin hoto wajen haƙar kuɗin intanet, sai masu haƙar suka zubo tarin katunan da suka yi shekaru suna aiki dare da rana. An wanke, an sabunta kwali, an turo ƙasashe irin namu. Akwai wanda ake rubuta wa RX 580 2048SP, wanda a zahiri RX 570 ne aka sauya wa suna don kasuwar Sin. Akwai ma jabun GTX 1050 Ti da ake yi da tsohon GTS 450. Wannan gajiyayyen tsohon jaki ake cewa ka ƙara wa bulala. Araha ba ta ado.

Abin da nake kira gare shi akasin ƙurewa ne. Kafin ka biya, ka sa a kunna katin a gabanka, ka buɗe GPU-Z ka ga ainihin abin da ke ciki, a bar shi yana wasa rabin awa kana kallon zafinsa. Mai kayan da ya ƙi, ka bar masa kayansa. In kuɗinka sun kai, RX 6600 na 2021 ya fi RX 580 gudu nesa ba kusa ba, da wat 132 kawai. In ba su kai ba, ka sayi ƙarami mai shan wuta kaɗan ka rage kyan hoto a cikin wasan. In kuwa RX 580 ne ya riga ya shigo hannunka, manhajar nan da kuke ƙurewa da ita za ta iya rage masa lantarki da iyakar wuta, ka tsayar da hoto a 60. Ka sauya man da ke tsakanin ƙwaƙwalwa da ƙarfen sanyaya, ka riƙa hure ƙura, ka ɗaga kwamfutar daga ƙasa. Rarar kuɗin ka zuba a akwatin wuta mai kyau.

Ku kuma 'yan kasuwa, ku ji tsoron Allah. Kun san asalin kayan da kuke saukewa daga Port Sudan da Masar. Yaron da ke tsaye gabanku ya tsira daga yaƙi ne, jarin da ke hannunsa ba shi da na biyu. Ku gaya masa shekarun katin da irin aikin da ya yi, ku bar shi ya zaɓa da idonsa a buɗe. In katin ya mutu bayan wata biyu, ba a YouTube zai je neman haƙƙinsa ba, ƙofar shagonku zai zo, kuma duk ƙauyen zai ji.