Gadon da Aka Toshe da Iskar Kabon

A Amurka mutum zai iya mallakar gona, wani daban kuma ya mallaki man fetur ɗin da ke ƙarƙashinta, saɓanin Nijeriya inda duk arzikin cikin ƙasa na gwamnatin tarayya ne. Iyalai da yawa a jihar Dakota ta Arewa sun sayar da gonakinsu tun da daɗewa suka koma birane, amma suka riƙe haƙƙin ma'adinai. Yau jikoki ne ke ajiye da takardun, kowa da ɗan kasonsa, suna jiran ranar da kamfanin mai zai zo neman haya.

Kamfanonin da suka zo kuwa ba haƙo komai ya kawo su ba. Iskar kabon ta masana'antu suke matsewa su tura cikin dutse mai ƙananan kafofi, fiye da kilomita ɗaya a ƙasa. Tun 2022 gwamnatin Amurka ke yafe harajin dala 85 kan kowane tan da aka binne. A shekarar ce kamfanin Red Trail Energy ya fara zuba tasa kusa da garin Richardton, kuma a Disamban 2024 hukumar masana'antu ta jihar ta amince wa Summit Carbon Solutions da wuraren ajiya mafi girma.

Ra'ayin da ya yi rinjaye a majalisu da kotuna shi ne magadan ma'adinai ba su da abin kuka. Wyoming a 2008, Dakota ta Arewa a 2009, duk sun ce kafofin dutsen na mai gona ne, don haka shi ake biya. Kotun ƙolin Texas ma ta bi irin wannan layi a 2025, a wata shari'a kan kogwannin gishiri na ƙarƙashin ƙasa. Hujjar ita ce: ba a taɓa maka ɗigon mai ba, yana nan inda kakanka ya bar shi.

Yana nan, amma ta ina za a kai gare shi? Dutsen Broom Creek da ake cika wa iskar yana saman shimfiɗun da aka san su da mai a yankin, irin su Bakken da Red River. Duk mai son haƙa rijiya sai ya ratsa ta cikin iskar. Kabon kuwa in ya haɗu da ruwa yakan zama asid mai cin ƙarfe da siminti, saboda haka sai an sa bututu da siminti na musamman masu tsada, ga fargabar ƙara in iskar ta tsere ta rijiyar. A 2024 an gano yoyo a wata rijiyar sa ido ta kamfanin ADM a Decatur, jihar Illinois, kuma tsatsa aka ɗora wa laifin. Kamfanin mai da ya ga haka, gaba zai yi ya nemi haya a inda babu wannan ciwon kai. Kamar a ce wa mutum rumbunsa na nan lafiya lau, alhali an gina katanga a bakinsa.

Masu kare tsarin sukan nuna cewa dokar Dakota ta Arewa ta hana ba da izini in ajiyar za ta cutar da masu ma'adinan da ke da darajar kasuwanci. Nan ne fa gizo ke saƙar. Daraja a wane zamani? An san dutsen Bakken tun shekarun 1950, aka yi rabin ƙarni ana kallonsa kusan ba riba, sai da haƙa a kwance da fasa dutse da ruwa suka zo, filin Parshall ya buɗe a 2006, takardun da aka manta a akwati suka azurta iyalai. Gaskiya ne gundumomin Oliver da Mercer, inda Summit zai binne iskarsa, ba sa cikin tsakiyar yankin man, amma hukuncin da injiniya zai yanke da farashin bana zai ɗaure gado har abada, tunda iskar ba a binne ta don a sake fitarwa ba.

Kotun ƙolin jihar da kanta, a 2022, ta soke sassan wata doka ta 2019 da ta bar kamfanonin mai su yi amfani da kafofin dutsen manoma ba diyya. Manomi ya samu adalci, kuma ya cancanta. Magajin da ke ƙasa da shi ne har yanzu ake ce wa ya kawo shaidar asarar man da ba wanda zai haƙa ya gani.

Gyaran ba wuya gare shi. A ware wa masu ma'adinai wani kaso na kuɗin kowane tan, ko a wajabta wa mai ajiyar ya ɗauki ƙarin kuɗin duk rijiyar da za ta ratsa iskarsa. Kuma a rubuta shi tun a takardar izini, domin doka ta ba kamfani damar miƙa wa jiha alhakin wurin bayan shekara 10 da daina zuba iskar.