Hoton Ciki na Kuɗi: Wanne Ne Dole, Wanne Ne Son Rai?

Hoton ciki, wanda mata suka fi kira sikanin, na'ura ce ke ɗaukarsa ta hanyar aika wani sauti da kunne ba ya ji zuwa cikin jiki. Sautin yana bugun abin da ke mahaifa ya dawo, na'urar ta mayar da shi hoto a allo. Ba shi da irin hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi, shi ya sa likitoci ba sa ɗari-ɗarin yi wa mai juna biyu. Wani likitan mata a Glasgow, Ian Donald, shi da abokan aikinsa ne suka wallafa aikin da ya buɗe wannan hanya a 1958. Yau na'urar ta iso garuruwan Jigawa irin Kazaure da Babura, a asibitocin gwamnati da kuma wuraren kuɗi, wasu ma sukan wuce Kano ko Daura domin ta. Ga matar da ke ƙauyukan Roni ko Gwiwa, kuɗin hoton kaɗai ba shi ne kuɗin ba. Akwai na mota zuwa da dawowa, ita da mai rakiya, ga yinin da aka bar gona ko sana'a, kuma tun da aka janye tallafin man fetur a 2023 tafiyar kanta ta zama abin lissafi. Saboda haka tambayar ko a biya ko kada a biya tambaya ce ta gaske a gidan talaka.

A 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawarwarinta kan awon ciki. Ta ce mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya aƙalla sau 8, a kuma yi mata hoto sau 1 kafin ciki ya kai mako 24, wato wajen wata biyar da rabi. Awo takwas, hoto ɗaya. Ba ta ba da shawarar a riƙa maimaita shi ga wadda aka yi wa na farkon kuma ba ta da wata matsala ba.

Wannan hoto guda yana da amfanin da ya cancanci a nemo kuɗinsa ko da wahala. Na farko, yana faɗin kwanakin ciki. Mata da yawa ba sa riƙe ranar al'adarsu ta ƙarshe, musamman wadda ta samu ciki tana goyo, ba ta ga jini ba tun haihuwar baya. Hoton da aka yi a watanni ukun farko ba ya kuskure fiye da kamar mako guda, amma wanda aka bari sai ciki ya tsufa yana iya kaucewa da mako uku, kuma da wannan lissafin ne ake sanin ko naƙudar da ta taso ta bakwaini ce, ko ciki ya wuce lokacinsa. Yana kuma nuna tagwaye, yana nuna cikin da ya zauna a wajen mahaifa, wanda idan ya fashe yakan kashe mace cikin 'yan sa'o'i. Sannan yana nuna wurin da mabiyiya ta kwanta. Idan ta tare bakin mahaifa, haihuwa a ɗaki na nufin zubar jinin da ungozomar gida ba ta da yadda za ta yi da shi. A mafi yawan mata mabiyiyar da aka gani a ƙasa a tsakiyar ciki takan ɗaga sama yayin da mahaifa ke girma, don haka ake sake dubawa daga baya, kuma wannan maimaicin yana da dalili. Haka idan ma'aikaciyar awo ta taɓa ciki a wata na tara ta yi zargin jariri yana gicciye ko ya juyo da ɗuwawu, ko aka ga jini, ko motsi ya ragu.

Duk waɗannan sun fi nauyi ga wadda gidanta ke nesa da asibitin da ake tiyata da ƙarin jini. Matar birni da abu ya ɓaci mata da tsakar dare tana da hanya. Matar da ke bayan rafi a damina ba ta da ita. Idan aka san tun da wuri cewa tagwaye ne ko mabiyiya ce a gaba, sai a shirya ta koma wurin 'yan uwa kusa da babban asibiti kafin watanta ya kama, al'adar goyon ciki ma ta riga ta sauƙaƙa irin wannan ƙaura.

Inda ake samun matsala shi ne ɗaukar hoto a matsayin awo. Gani ya kori ji, in ji Bahaushe, kuma wadda ta ga ɗanta yana motsi a allo, aka ce mata lafiya lau, takan koma gida da natsuwar da ke sa ta ga layin awo ɓata lokaci ne. Alhali manyan abubuwan da ke kashe mata wajen haihuwa ba su fitowa a allon. Hawan jinin da ke kai ga jijjiga, da ma'aunin hannu da gwajin fitsari ake gano shi. Ƙarancin jini, da gwajin jini. A wurin awo ake ba da ƙwayoyin ƙarin jini, da maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro, da allurar rigakafin tetanus, a can ake gwajin cuta mai karya garkuwar jiki da ciwon hanta. Mace na iya riƙe takardun hoto huɗu a jakarta, fuskarta da ƙafafunta a kumbure, kanta yana sara, ba wanda ya taɓa auna jininta. An ƙiyasta cewa mata wajen 82,000 ne suka rasu a Nijeriya sanadin ciki da haihuwa a 2020, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duniya baki ɗaya, kuma ba rashin hoto ne ya kashe akasarinsu ba.

Wani babban bincike da aka wallafa a 2018, wanda aka gudanar a Kongo, Kenya, Zambiya, Pakistan da Gwatemala, ya kai na'urar hoto ƙananan asibitocin karkara ya horar da ma'aikata. An gano matsaloli da dama, amma mace-macen iyaye mata da jarirai bai ragu ba. Darasin a bayyane yake: gano matsala ba ya ceton rai sai akwai mota, da asibitin da za a je, da jini, da likitan da zai yi aiki.

Dalilin da ya fi kai mutane wurin hoton kuɗi a karo na biyu da na uku shi ne son sanin namiji ne ko mace, don a san irin kayan da za a saya. Son sani ba laifi ba ne, kuma mai hali yana da ikon kuɗinsa. Amma ana yin kuskure a wannan hasashe, an kuma sha ganin matar da aka canza wa fuska a gidan miji tun ciki bai fito ba saboda an ce mace ce za ta sake haifa. Wannan zalunci ne, kuma addini bai yarda da shi ba. Indiya ta kai ga kafa doka a 1994 ta haramta faɗin jinsin abin da ke ciki, saboda yadda aka riƙa zubar da cikin 'ya'ya mata. Ƙasar Hausa ba ta kai can ba, sai dai ɓacin ran da ake jefa mai ciki a ciki shi ma cuta ne. A Amurka kuwa hukumar kula da magunguna ta daɗe tana jan kunne kan yin hoton don nishaɗi kawai ba da buƙatar likita ba.

Sai batun wanda ke riƙe da na'urar. Ingancin hoto yana hannun mai ɗauka. Aikin likita ne ko ma'aikacin da ya samu horo da rajistar hukumar da ke kula da masu wannan sana'a, kuma mai biya yana da haƙƙin tambaya. Yana da haƙƙin karɓar rubutaccen sakamako mai suna da kwanan wata, ya kai wa masu awo su karanta. Akwai masu wuraren kuɗi da ke aiki da tsoron Allah, suna cike giɓi a ranar da na'urar gwamnati ta lalace ko layi ya yi tsawo. Amma wanda abincinsa ke fitowa daga yawan hotuna, idan ya ce a dawo kowane wata ba tare da ya faɗi abin da yake bibiya ba, maganarsa tana buƙatar ra'ayin wani likitan. Wanda kuma ya ɗauki hoto ya rubuta magani ya sayar a nan take ya wuce gona da iri.

Hoton da ake yi tsakanin mako 18 zuwa 22 yana iya nuna wasu nakasu na kai, ƙashin baya ko zuciya, amma ba duka ba. A manyan birane ana tallar gwajin jinin uwa mai tsada da ke nuna yiwuwar wasu larurorin halitta, kuma yiwuwa yake nunawa, ba tabbas ba. Kafin iyali su biya, ya kamata su san abin da za su yi da amsar, domin dokar Arewa ba ta halatta zubar da ciki ba sai don ceton ran uwa. Amfanin sanin shi ne shiri da zaɓen wurin haihuwa. Cutar sikila, wadda ta fi waɗannan yawa a gidajenmu, hoto ba ya ganinta ko kaɗan. Gwajin jini kafin aure ne rigakafinta.

Jigawa ba ta rasa tsare-tsare ba. Akwai shirin Haihuwa Lafiya na ɗauko masu naƙuda daga ƙauyuka, kuma ƙungiyar likitoci ta MSF tana aikin haihuwa da gyaran yoyon fitsari a asibitin Jahun tun 2008. Abin da ya rage wa hukuma shi ne ta tabbatar wannan hoto guda yana cikin awon da ake yi wa kowace mace, ta kuma sa ido kan masu ɗaukarsa a waje. Maigida kuwa, lafiyar matarsa tana wuyansa. Wanda ya tanadi ragon suna tun ciki na wata huɗu ba shi da hujjar cewa babu kuɗin hoton da ma'aikaciyar awo ta rubuta.

Idan asibitin gwamnati bai iya yi a kan lokaci ba, a biya a yi hoto ɗaya a wurin ƙwararre kafin wata na shida, a kuma biya duk wanda masu awo suka nema da dalili. Kuɗin sauran a ajiye shi domin motar daren naƙuda da ledar jini.