Kafin Batir Ya Mutu, Zaɓi Manhajar Naɗar Wasanka

A hutun da ya wuce na koma gida Toranke, muka haɗa gasar PES a tsohuwar kwamfutata. Na zura wa ƙanena ƙwallo tun daga tsakiyar fili, ina naɗa, sai batir ya mutu. Da na kunna, bidiyon ya ƙi buɗuwa. Har yau yaron cewa yake mafarki na yi!

Laifina ne, a MP4 na naɗa, shi kuwa in aka katse shi bai kammala ba, yakan lalace.

To ga shawara. Windows 10 da 11 suna zuwa da Xbox Game Bar. Danna Windows, Alt da R, ta fara. Sai dai ita ma MP4 take ajiyewa. Bandicam ta kyauta tana tsayawa a minti 10, ta kuma manna maka tambarinta. Ni OBS Studio na koma: kyauta ce, ba tambari, tana naɗa a MKV, ko wuta ta ɗauke abin da ka naɗa yana nan. In kwamfutarka ba ƙarfi, saita 720p, hoto 30 a daƙiƙa.

Ƙanena, mu haɗu hutun Sallah. Wannan karon da shaida.